Jan Fentin Markus

Ni dai tun farko ban ga abin da za a je nema a kan dutse ba. Mutum da ƙafarsa lafiya, ga Asabar babu makaranta, sai ya ɗauki kansa ya je ya yi ta haki don kawai ya kalli ƙasa daga sama? Amma Markus ba ya jin irin wannan magana. Mutumin Zuru ne, a gindin dutse aka haife shi, kuma tun da aka turo shi koyarwa Talata Mafara yake mitar wai ƙasarmu a shimfiɗe take kamar faifai. Makarantarmu ɗaya. Ni ina koyar da lissafi, shi ne malamin sikawut, mai gajeren wandon kaki da usur a wuya. Na sha yi masa tsiya a kan wandon nan, bai taɓa fushi ba.

Kakar shekarar da soja suka miƙa mulki ce. Ruwan sama ya ɗauke da kamar sati uku, dawa ta nuna ta sunkuyar da kai. Markus ya zo da labarin wani dutse ta wajen Maradun, wai in ka hau kansa za ka ga ruwan dam ɗin Bakolori gaba ɗaya. Ƙanwarsa Rhoda, wadda ke aikin nas a garin, ta ce ƙafarta ƙafarmu. Ta soya ƙosai, ta dafa gyaɗa, ta ce in na ƙi zuwa za ta gaya wa ɗalibaina malaminsu matsoraci ne. Shi ke nan aka ja ni.

Akwai abin da su biyun ba su sani ba, kuma babu wanda ya sani a Mafara. Kafin in kama alli, wata goma sha huɗu na yi ina jan sarƙar awo a bayan masu safiyo na aikin dam. Ni ke gaba da sarƙa, ni ke buga turaku a gonakin mutane. In an tambaye ni ina nake a shekarun nan, sai in ce Gusau. A lokacin, mutumin da aka san ya yi awo ba ya sayen goro a kasuwar ƙauye hankali kwance.

Muka tashi da sassafe a kan babura biyu, Markus ya goyi Rhoda. Da muka bar titi muka doshi dutsen, sai na gane wurin. A gindinsa aka zubar da mutanen Tungar Rimi bayan ruwa ya ci garinsu, a kan ƙasa mai tsakuwa wadda da ko akuya ba a kai wa kiwo. Ni na auna tsohuwar Tungar Rimi da hannuna.

Markus ya ce mu shiga garin mu gaida mai gari, mu faɗi abin da ya kawo mu. Abin da ya kamata ke nan, yaro ma ya sani. Ni ne na hana.

"Haba Malam Markus," na ce, "in muka shiga gaisuwa sai azahar. Za a kawo ruwa, a kawo fura, a tambayi lafiyar kakanninka na Zuru. Mu bi ta bayan gari."

Muka jingine babura a gindin wani marke muka kutsa cikin gonaki. Dawar ta fi mu tsawo, hanya ba ta ganuwa, ga duwatsu birjik duk kamarsu ɗaya. Sai na ga Markus ya buɗe jaka ya fito da ƙaramin gwangwanin jan fenti, ragowar wanda aka shafa wa ƙofofin makaranta. Duk taku kamar talatin sai ya tsoma tsinke ya ɗiga wa dutse, wani wurin ya shafa a karan dawa.

"Haka muke koya wa yara," ya ce da fara'arsa. "Mai hawa dutse ba ya ɓata in ya bar alama."

Na san abin da jan fenti ke nufi ga manomin ƙasar nan. Duk gonar da aka wayi gari da ja a cikinta, katafila na tafe, ko an girbe ko ba a girbe ba. Maganar ta zo mini har baki. Amma in na faɗa za su tambayi yadda aka yi na sani, kuma Rhoda ba ta sakin tambaya in ta kama. Na ce a raina wa zai gani, ai mun sauko kafin la'asar. Na ja bakina na yi shiru, na bi su a baya.

Hawan ya ci mu fiye da awa biyu. Rhoda tana gaba kamar ba ta gajiya, ni ina baya ina tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro wannan wahala. Da muka kai sama, sai ga dam ɗin a ƙarƙashinmu. Ruwa ne shimfiɗe iya ganin ido, ga kawunan busassun itatuwa sun leƙo daga cikinsa nan da can. Markus ya fito da madubin hangen nesa da wata taswira da ya zana da hannu, yana ta duba yana rubutu, yana cewa Litinin zai nuna wa 'yan aji shida. Ni kuwa na juya wa ruwan baya na zauna ina cin ƙosan da ba na jin daɗinsa.

Rhoda ce ta fara ji.

"Malam Ɗanasabe, wannan gangar ta biki ce?"

Na kasa kunne. Ba ta biki ba ce. Bugu ɗaya ne ake ta maimaitawa da sauri, irin wanda ake yi in wuta ta kama ko an kore shanu. Na rarrafa bakin dutsen na leƙa. Mutane ne ke fitowa daga gonaki ta ko'ina suna taruwa gindin marken da muka bar babura. Can sai suka miƙe layi guda suka shiga cikin dawa. Ba su yi dawurwura ba ko sau ɗaya, alamun Markus suke bi, kuma alamun nan ƙarshensu inda muke zaune.

"Ku tattara kaya," na ce. "Markus, jefar da gwangwanin nan."

"Don me? Me muka yi?"

"Ka jefar na ce!"

Ya tsaya yana kallona, bai jefar ba. Ko da ya jefar ma, yatsunsa uku jajawur suke. Na zaga in ga ko akwai wata hanyar sauka. Bayan dutsen a miƙe yake kamar bango, ƙasansa ruwa. Hanya ɗaya ce, kuma ta cika da mutane.

Sun kai su talatin. Daga gona aka kira su, don haka kowa da abin aikinsa, wani lauje, wani adda, wani gatari. Babu mai ihu, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Na gaba wani ƙato ne baƙi mai faɗin ƙirji, daga baya na ji suna kiransa Jibo. A bayansu wani tsoho yana hawowa a hankali da sanda, ana ba shi hanya. Ina ganinsa na sunkuyar da kai, na jawo hulata har gira. Maiwada ne, mai garin Tungar Rimi. Na taɓa shan fura a zaurensa.

Na durƙusa na yi sallama da harshenmu na gida.

"Baba, barkanku da rana. Ina gajiya? Ƙaƙa iyali? Ƙaƙa aikin kaka?"

"Lahiya lau," tsohon ya amsa yana haki. "Kai ɗan ina na?"

"Ɗan Damri, ƙasar Bakura. Malamin makaranta ni ke Mahwara."

Ya dube ni, idanunsa sun yi fari-fari da tsufa, bai gane ni ba. "To ɗan gida na kai. Matsa gehe, ba da kai muke ba. Ita ma macen ta matsa."

Jibo ya riga ya damƙi wuyan hannun Markus ya ɗaga sama, kowa ya ga jan. Wani ya zazzage jakar a ƙasa. Gwangwani ya gangaro, ga taswira, ga madubin hange, ga littafi da fensir. Ga kuma gajeren wandon kaki da takalmin sawu ciki. Wallahi ko ni da na yi aiki da masu safiyo, da a hanya na gamu da shi haka da na ce ɗaya ne daga cikinsu.

"Wa ya aiko ka?" in ji Jibo.

"Babu wanda ya aiko ni, ɗan'uwa. Ni malami ne. Yawo muka zo, mu ga wuri."

"Yawo?" Jibo ya juya ga jama'a. "Kun jiya? Yawo! Mutum da hankalinai shi hau dutse da rana tsaka, babu kiwo, babu itace, babu hwarauta. Mi kaka nema bisa dutse in ba awo ba?"

Abin haushin shi ne tambayar da ni ma na yi ta yi ke nan duk satin. Markus ya shiga bayanin sikawut da yadda ake barin alama don kada a ɓata. Yana yi yana murmushi, yana zaton in ya yi bayani da kyau za a fahimta, kamar a aji. Murmushin nan ya ƙara tunzura su.

"Sun ci muna gari," wani ya ce daga baya. "Sun zubo mu cikin tsakuwa. Shekara ukku muna kwasar duwatsu da hannu, bana ɗai dawa tay yi, saura kwana bakwai mu girbe. Shi na kunka biyo mu har nan?"

Ban ga lokacin da Jibo ya ɗaga gatarinsa ba. Da ƙotar ya buga, a gefen kai. Markus ya durƙushe, jini ya wanke masa kunne. Rhoda ta yi ƙara ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta, mutum biyu suka janye ta tana fizga tana kiran sunan Yesu. Jibo ya kama kwalar Markus ya fara jansa a ƙasa zuwa bayan dutsen, wajen da yake a miƙe.

"Ruwan da kunka kawo muna," ya ce, "tahi ka auna shi."

Tsohon bai hana ba. Na dube shi, ya kau da kai yana kallon ƙasa. Taku goma ya rage tsakanin Markus da bakin dutsen, ni kuma ina tsaye a gefe inda aka ce in tsaya, babu wanda ya taɓa ko rigata. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Kunya kuma ta fi tsoron, don ni na hana shi gaida mai gari, ni na ga fentin na yi shiru.

"Ku dakata!" na ce. Muryar ta fito siririya, sai da na sake. "Ku dakata! Wanga ba alamar safiyo ba ta!"

Jibo ya tsaya, bai saki kwalar ba. "Kai mi kas sani?"

"Kun biyo alamun da ƙahwahunku. Sun miƙe, ko sun yi ta kwana?"

Wani mai lauje ya ce, "Sun yi ta kwana."

"Inda kunka iske babban dutse?"

"Sun kewaye shi."

"Inda dawa tay yi duhu?"

"Sun bi ta kunyar gona."

"To safiyo ba shi kewaye komi. Layi guda shika bi, miƙaƙƙe. In dawa ta tare shi a sare ta, in danga ta a kayar. Kuma ba a ɗiga fenti ga dutse awa wasan yara. Turke aka bugawa na icce, da ƙusa bisa kai, da lamba ga jiki, duk tsawon sarƙa guda turke guda. Kun ga turke ko ɗaya yau? Kun ga kara guda da anka sare?"

Suka fara duban juna. Su ma sun san haka, a gonakinsu aka yi, tsoro ne ya rufe musu ido. Amma Jibo bai gamsu ba.

"Malamin makaranta ka ce kake. Ƙarya kaka shirya muna don ka hid da abokinka. Ina kas san tsawon sarƙa?"

Nan ne fa. Na dubi Markus, idonsa ɗaya a rufe da jini, ya kusa bakin dutsen. Na cire hulata na riƙe a hannu don tsohon ya ga fuskata da kyau.

"Ni na ja sarƙar," na ce. "Tungar Rimi, tun daga bakin gulbi har bayan masallaci, ni na buga turakun. Wanga bawan Allah bai taɓa riƙa sarƙa ba, bai ma san na yi ba. In mai awo kuka nema, ga ni."

Jibo ya buɗe hannu, kan Markus ya bugi ƙasa. Rhoda ta ƙwace ta ruga ta jawo shi baya, ta yage gefen zanenta tana danne masa raunin. Ba ta dube ni ba. Sauran kuwa duk ni suke kallo, kuma da'irar da ke kewaye da Markus ta dawo kaina ba tare da kowa ya ce a yi ba. Ina jin warin zufarsu.

Maiwada ya matso har sandarsa ta taɓa yatsan ƙafata. Ya daɗe yana duban fuskata.

"Mai 'yar jar riga," ya ce. "Kai na kac ce hurarmu ta hi ta Bakura daɗi."

"Ni na, Baba."

"Ku bar baƙon ga da ƙanwatai, ba su da laihi." Ya faɗa ba tare da ya waiwaya ba. Sannan ya rage murya. "Ɗana, ka ce safiyo ba shi kewaye komi."

"Haka na ce."

"Maƙabartarmu hwa? Tana tsakanin gulbi da masallaci."

Da na so, da na ce ban tuna ba. Amma maganar da ta ceci Markus ke nan, in na janye ta yanzu na janye duka.

"Ba mu kewaye ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Akwai wani sabon kabari wajen gabas. Kwana biyu da rufe shi. Mun aza mishi ƙaya mai yawa bisa, ta farar ƙaya, ni da ɗiyana munka saro ta."

Na tuna. Da ma ban taɓa mantawa ba. Kowa ya san don me ake tula ƙaya a kan sabon kabari a ƙauyen da ke bakin daji. Ranar layinmu ya bi ta kansa daidai, sarƙa ta sarƙafe a ƙayar, mai duba na'ura yana ta ɗaga mini hannu daga nesa in yi sauri, rana ta kusa faɗuwa. Na sa ƙugiya na janye tulin gefe, sarƙa ta kwanta, na buga turke na wuce.

"Na gane shi," na ce.

"Matata ta, Baraka. Uwar wanga." Ya nuna Jibo da haɓa. "Da sahe munka iske ƙayar gehe guda, kura ta tona. Abin da munka tsinta munka maida, bai cika zane ba." Ya dogara da sandarsa. "Shekara ukku ina tambayar kaina, kura ba ta janye ƙaya. Har na zargi ƙanena, don sun yi hwaɗa da ita kahin ta rasu. Ya mutu bara, ba mu magana."

Iska ta ɗauki taswirar Markus ta yi ƙasa da ita, ba wanda ya kula.

"Ni na janye ta, Baba."

"Ka maida?"

"Na ce in na kai ƙarshen layi in dawo in maida."

"Ka dawo?"

"Ban dawo ba."

Jibo ya yi wani irin gurnani ya taso da gatarin, wannan karon ba ƙotar ya juyo ba. Ban gudu ba, ba don jarumta ba, babu wurin gudun ne. Tsohon ya miƙa sandarsa a gicciye tsakaninmu, sanda siririya wadda yaro zai iya karyawa.

"Jibo."

"Baba, inna ta!"

"Na sani. Aje."

Gatarin ya daɗe a sama kafin ya sauko. Jibo ya jefar da shi, ya tsuguna ya rufe fuska da hannuwa, ƙaton mutum yana kuka kamar an yaye shi. Mutanen suka dare suka buɗe hanya. Rhoda ta ɗaga Markus ta rataya hannunsa a kafaɗarta. Na matsa in kama ɗaya hannun, ta ce, "Bar shi, zan iya."

Na durƙusa gaban tsohon. "Baba, don Allah ka gahwarta min."

Ya ɗaga ido ya kalli ruwan ta saman kaina.

"Nawa na yahe," ya ce. "Na Baraka da na ƙanena, ba ni ad da shi ba. Sai ka iske su can ka roƙa. Tashi ka sauka, rana na yi."